Gargaɗi ga iyaye da malamai kan mai tara kuɗin kai yara Yankari

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye da ke ƙasar Birnin Kudu, kuma ta hannuna aka cuci iyayen yara talatin da ɗaya. Na daɗe ina juya maganar nan a raina saboda nauyinta, amma na ji ƙishin-ƙishin mutumin ya ɓulla wajen Gwaram da irin takardun da ya zo mana da su. In na yi shiru, alhakin waɗanda zai cuta gaba har da ni a ciki.

Saura mako uku a yi hutu ya zo. Matashi ne mai tsafta, farar shadda, hula zanna, jaka a rataye. Bai doshi iyaye ba, ni ya nema. Bayan la'asar ya durƙusa a gefen tabarmata ya ce, "Allah gafarta malam, an ce mini duk garin nan maganarka ake ji." Ya ce suna kai yaran karkara yawon buɗe ido Yankari, su ga giwa da ɓauna, su yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki. Kowane yaro naira dubu takwas, har mota da abinci da kuɗin shiga, wai gwamnatin tarayya ce ta biya sauran tunda dajin nata ne. Ni kuma kujerata kyauta.

Sai ya buɗe wayarsa. Ruwa garai-garai yana fitowa daga gindin dutse, kana hango yashin ƙasansa, itatuwa sun yi masa rumfa, yara na ta facal-facal. Hotunan ba na ƙarya ba ne. Wurin yana nan a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma tun 1962 aka buɗe dajin ga masu ziyara. A nan ƙarfin damfarar yake: ya ɗauko abu na gaskiya ya jingina ƙaryarsa a kai. Yaranmu ba su san wani ruwa ba sai kududdufi da rafin da ke ƙafewa da rani. Da na nuna musu hotunan washegari, karatu bai yiwu ba.

Ya bar mini fom, kowane da gurbin hoto da ranar haihuwa da lambar wayar uba. Ya ce kujeru sun kusa cika, kada a wuce Juma'a. Kuɗin kuwa ba ya karɓa a hannu, wai don gudun zargi, sai dai a tura ta wurin mai POS. Na lura sunan da ya fito a rasit ba shi ne wanda ya gaya mini ba. Na tambaya, ya ce na ma'ajinsu ne. Na yarda, kuma wannan yardar ce take cin raina har yau. Akwai wadda ta sayar da kaji biyu, akwai wanda ya auna gero ya kai kasuwa. Ba don shi suka bayar ba, don ni suka bayar.

Ana jibi tafiya ya kira ya ce a ƙara dubu ɗaiɗai na rigar ruwa, don kada yaro ya nutse. Wane uba ne zai ji haka ya ƙi? Aka ƙara.

Ranar Asabar tun kafin asuba yara suka taru a ƙofar makaranta, da kayan Sallarsu, da kular shinkafa, da gorar kunun zaƙi. Wata yarinya 'yar shekara bakwai ta naɗe zanen wankanta a leda ta rungume shi a ƙirji, ko ajiyewa ta ƙi yi. Ƙarfe bakwai ya ce mota na shan mai. Ƙarfe tara ya ce taya ta fashe. Da hantsi ya dubi ludayi wayar a kashe take, kuma har yau ba ta sake shiga ba. Da azahar iyaye suka fara zuwa suna jan 'ya'yansu. Ba wanda ya zage ni. Wani dattijo ya ce kawai, "Malam, Allah ya kiyaye gaba," ya kama hannun jikansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙanina direba ne, yana jigila tsakanin Kano da Bauchi, kuma ya sha kai mutane Yankari. Ba ya gida lokacin. Da ya dawo na ba shi labari, sai ya riƙe baki ya ce, "Yaya, da ka kira ni sau ɗaya." Mutumin ya ce mana za a tashi da asuba a dawo kafin la'asar. Alhali daga nan sai an bi ta Ningi an shiga Bauchi, a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar dajin a Mainamaji, sannan daga ƙofar zuwa Wikki akwai tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji. Ya ce mana ruwan sanyi ne kamar na randa, alhali Wikki ruwan ɗumi ne, ma'aunin zafinsa 31 rani da damina. Maganar gwamnatin tarayya kuma, tun 2006 dajin ya koma hannun jihar Bauchi. Ƙanina ya ce duk wanda ya taɓa zuwa, abin da zai fara gaya wa mai yara shi ne a ɓoye abinci, domin birai a sansanin fizge leda suke daga hannun yaro. Wannan bai ambaci haka ba. Ina kyautata zaton bai taɓa taka wurin ba.

Abin da ke hana ni barci ba kuɗin ba ne. Da mota ta zo fa? Da na zuba yara talatin da ɗaya a motar wanda ban san gidansu ba, ban san ubansa ba. Mun san yaran Kano tara da aka sace aka gano su a Anaca a 2019. Ga shi kuma hotunan 'ya'yanmu da lambobin iyayensu suna jakarsa.

Don haka duk wanda ya zo muku da irin wannan, ku kai shi gaban mai unguwa ko dagaci ya faɗi asalinsa, a samu wanda ya san shi ya tsaya masa. Ku ga motar da direbanta da idonku kafin a biya ko sisi. Idan sunan asusu ya saɓa da na mai magana, a tsaya nan. In kuna son kai yara Wikki, kuma wuri ne da ya cancanci su gani, ku yi karo-karo ku ɗauki shatar mota a tashar da kuka sani, iyaye su bi, a biya kuɗin shiga a ƙofa da hannunku.

Mun kai ƙara ofishin 'yan sanda da rasit ɗin POS, an kuma sanar da banki. Ni na sayar da ragona, na fara biyan iyaye, saura mutum goma sha biyu. Malaman Gwaram da Buji da Kiyawa, don Allah ku karanta wa iyaye wannan bayan sallar Juma'a.