Ajin iyaye kan kuɗin makarantar gwamnati a Houston, yana da amfani kuwa?

Eh yana da amfani, ku je, amma ku ci abincinku ku yi alwala tun daga gida. In maki zan bayar huɗu ne cikin biyar.

Ga wanda bai san zancen ba, hukumar makarantun yankin da yarana ke karatu, nan gefen Houston, tana shirya wa iyaye aji kyauta da yamma, a zaunar da kai a faɗa maka daga ina kuɗin makarantar gwamnati ke fitowa da abin da hukumar ke roƙon majalisar dokokin jihar Texas da ke birnin Austin ta yi mata. 'Yan hukumar nan zaɓensu ake yi, mutanen unguwa ne kamar ni da kai, kuma a Texas ko sisi ba a biyansu albashi. Ita kuma majalisar sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 140 daga Janairu, ta zauna 2023 ta zauna 2025 sai kuma 2027, in ka bari aka tashi ba ka samu naka ba to sai dai haƙuri, shi ya sa tun da wuri suke haɗa jerin buƙatu suna neman iyaye su mara musu baya.

Abin da ya fi yi min amfani, wanda don shi kaɗai ma ya isa mutum ya ɓata yammacinsa, shi ne maganar zuwa makaranta. Ashe Texas ba da yawan yaran da aka yi wa rajista take biyan makaranta ba, da yawan waɗanda suka zo kullum take lissafi. Yaro ya wuni gida yau, kuɗin yau ya tafi, amma albashin malamarsa da kuɗin wuta da man bas duk suna nan ba su ragu ba. Matar da ke bayanin, ita ce mai kula da kasafin kuɗinsu, ta ɗaga wata takarda mai layi biyu, layin sama yaran da ke rajista, na ƙasa masu zuwa, ta sa biro a tsakani ta ce wannan ramin ne muke cikewa daga aljihunmu. To kun ga mu da muke ɗebe yara mu tafi gida biki ko duba iyaye mu ƙara sati biyu uku a kan hutu muna cewa ai za su cimma 'yan ajinsu, ba yaron kaɗai abin ke taɓawa ba. Na ɗaga hannu na tambayi ranar Sallah fa, ta ce ranar ibada doka ta yarda da ita, in ka kai takarda ana ƙirga yaron kamar ya zo, makaranta ba ta asarar komai. Don Allah iyaye a riƙa rubuta takardar nan, layi biyu ne, da yawanmu shiru kawai muke yi yaro ya ƙi zuwa a rubuta masa fashi. Buƙatar hukumar ta farko a jerin kenan, a koma biya da rajista.

Sai ainihin kuɗin kowane ɗalibi, wanda ya tsaya a dala 6,160 tun 2019 bai motsa ba duk tsadar da aka yi bayan korona, a 2025 aka ƙara dala 55. Da ta faɗi 55 ɗin sai da ɗakin ya ɗauki dariya. Amma ta yi adalci ta ce dokar gaba ɗaya ta kai wajen dala biliyan 8.5, sai dai yawancinsa an ɗaure shi, wannan na ƙarin albashin malamai wannan na kaza, hukuma ba ta da ikon karkatar da shi inda ta ga rufi na yoyo. Su suna so a saka kuɗin a tushe, kuma a riƙa ɗaga shi daidai da tashin farashi. Mafi yawan kuɗin dama daga harajin gidaje da asusun jiha ne, gwamnatin tarayya wajen ɗaya cikin goma take sakawa, kuma mai haya kar ya ce ba ruwansa, harajin na cikin kuɗin hayar da kake biya. Akwai kuma tsarin da suke wa laƙabi da Robin Hood, yankin da gidajensa ke da tsada ya mayar wa jiha wani kaso, hukumar makarantun birnin Austin ce ta fi kowa biya, wannan a gurguje aka wuce shi.

Maganar tsaro ta ɗan sosa min rai. Bayan harin makarantar garin Uvalde na 2022 da aka kashe yara 19 da malamai 2, majalisa ta yi doka a 2023 cewa dole kowace makaranta ta samu mai gadi da bindiga, ta ba da dala 15,000 kowace makaranta da dala 10 kowane yaro, wato an ce ka sayo rago an miƙa maka kuɗin kaza. An ƙara a 2025 amma sun ce har yanzu suna ciko. Haka na yara masu buƙata ta musamman, tun 1975 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin biyan kashi 40 cikin ɗari na ƙarin kuɗin da karatunsu ke ci, abin da take bayarwa yanzu bai kai 15 ba.

Inda na cire maki shi ne wajen bauca, kuɗin da jiha za ta ba iyaye su kai yaro makarantar kuɗi. Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a 2025, dala biliyan 1 aka ware, kowane yaro wajen dala 10,000. Hukuma ba ta so, na kuma fahimci dalilinsu, duk yaron da ya fita ya fita da kasonsa. Amma gefe ɗaya kawai aka faɗa mana, alhali a cikinmu akwai masu kai yara makarantun Musulunci suna biya da guminsu, wani bawan Allah ɗan Pakistan da ke kusa da ni ya tambaya a kan haka aka ce masa a gani bayan taro. Ban ji daɗin wannan ba, tunda ka tara iyaye ka amsa musu a gaban kowa mana. Sauran ƙorafin ƙanana ne, lokacin ya ci Magariba kuma ba a tanadi wuri ba sai a lungun laburare muka yi, fiza ɗin da aka kawo rabi da naman alade a kai, ga gajerun sunaye na Turanci birjik a allo ba mai fassara su sai ka tambaya. Tafinta na Sifaniyanci ne kawai, wanda Turancinsa bai nuna ba ya tafi da ɗansa babba.

A ƙarshen ajin suna nuna maka yadda za ka saka adireshin gidanka a shafin majalisa ka ga ɗan majalisarka da sanatanka, su ba ka samfurin wasiƙa, amma suka ce gara ka rubuta da bakinka ka ambaci makarantar yaronka, ya fi shiga. Ba su ce a zaɓi wane ba, doka ma ta hana su kamfe da kuɗin makaranta. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna kar ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, matsala ce babba a takardunsa, amma rubuta wasiƙa da buga waya ofishin ɗan majalisa da yin magana a zaman hukuma duk an yarda masa. Akwai ɗakin da ake riƙe ƙananan yara har a tashi, don haka iyaye mata ma za su iya zuwa, ku duba saƙonnin imel na makaranta, a nan suke sanar da rana.