Dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps: wa ke gargaɗi, wa ke ceto, wa ke biya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce yaro zai fara karatu a birnin Grenoble na Faransa, kuma ka ji labarin ɗalibai na hawa tsaunuka wasan zamiya a kan ƙanƙara, hankalinka bai kwanta ba. Ga yadda batun zaftarewar dusar ƙanƙara yake a Faransa da Suwizalan da Ostiriya.

Abu na farko da zai sani shi ne kuɗin tikitin injin da ke hawa da mutane tsauni ya haɗa da tsaro, amma tsaron iyakarsa hanyoyin da aka kafa wa sanduna. Tun da asuba ma'aikata ke tayar da dusar da ta taru a gangaren da ke saman hanya da gangan, don ta zubo kafin mutane su iso. A Faransa za ka ga manyan bututu da ake kira Gazex, ana haɗa iskar gas da oksijin a cikinsu a kunna daga nesa. A Suwizalan an fi ganin hasumiyoyin Wyssen masu sauko da nakiya a igiya. In ba su gamsu ba sai su rufe hanyar. Wanda ya tsallake igiya ya shiga dusar da ba a taɓa ba, ya fita daga wannan kariya ko da taku goma ya yi.

Zaftarewar da ke kashe mutane ba zubowar gari-gari ba ce. Ka ɗauka an baza gero a gangare, aka shimfiɗa tabarma mai nauyi a kai. Geron shi ne tsohuwar dusa da sanyi ya mayar tsaba-tsaba kamar sukari, tabarmar kuwa sabuwar dusa ce da iska ta kwaso ta danne. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta ƙasan, sai ta saman ta tsage ta tafi gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, musamman a ɓangaren da iska ke jibge dusa. Sabuwar dusa ta santimita 30 tare da iska mai ƙarfi ta isa a ji tsoro. Alamunta a fili suke: ƙasa ta yi "wum" a ƙarƙashin ƙafa, tsaga ta ruga gaba daga bakin katakon zamiya, ko a ga inda wata ta zubo kwanan nan. Daga Maris zuwa gaba kuma rana ce matsalar, dusa kan jiƙe bayan azahar ta sauko da nauyinta.

Ƙasashen uku ma'aunin haɗarin zaftarewa ɗaya suke amfani da shi tun 1993, daga 1 zuwa 5. Abin da ke damuna shi ne yadda baƙo ke karanta 3, yana ganin tsaka-tsaki ne. Kusan rabin waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, don a 4 da 5 kowa ya san ya zauna. Kuma mafi yawansu su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita.

A wajen sanarwa, a ganina Suwizalan ce gaba. Cibiyar binciken dusa da zaftarewa ta SLF da ke Davos na fitar da rahoto sau biyu a rana, ƙarfe 8 na safe da 5 na yamma, ga kuma manhajar White Risk mai taswirar da ke nuna karkatar kowane gangare da launi. Sun ma ƙara alamar tarawa da ta ragewa a jikin lambar, don ka san ko 3 ɗin ta kusa 4. A Faransa Météo-France ke fitar da nata da yamma, kowane rukunin tsaunuka da nasa. Tirol ta Ostiriya ta haɗa kai da maƙwabtanta biyu na Italiya suna fitar da rahoto guda. Rahotannin duk kyauta ne. Kada a tsaya ga lamba, a karanta daga wane tsayi haɗarin ya fara da kuma wace fuska, arewa ko kudu.

Kaya uku ne ba a fita wajen hanya sai da su. Na'urar nemo wanda ya binne, kowane kamfani ya yi ta, Mammut ko Ortovox ko Arva, a kan zango ɗaya take aiki, 457 kHz, don haka suna jin juna. Ana ɗaura ta a jiki ƙarƙashin riga, ba a jaka ba. Wayar hannu ta yi nesa da ita da santimita 20, lokacin nema kuwa 50, in ba haka ba siginar ta rikice. Sai sandar soki mai naɗewa, aƙalla santimita 240, da shebur na ƙarfe. Na roba karyewa yake, domin dusar da ta zaftare tana daskarewa kamar siminti. Na'urar kaɗai kan kai Yuro 200 zuwa 400, amma shaguna na ba da haya. Jaka mai kumbura ta fi wannan tsada, tana rage yiwuwar binnewa, ba ta hana karo da dutse ko itace. Ɗan ƙarfen Recco da ke ɗinke a wasu riguna ba ya maye gurbin na'ura, sai masu ceto sun zo da tasu za a ji shi.

Dalilin wannan kaya lokaci ne. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa. Bayan minti 35 kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke saura, numfashi ne ke ƙarewa. Jirgi mai saukar ungulu ba ya cika isowa cikin wannan tazara, abokan tafiya ne masu ceton. In sanda ta taɓa mutum, a bar ta a tsaye, a fara tono daga ƙasan gangare ana shiga ta gefe, ana karɓa-karɓa, a buɗe baki da hanci tukuna.

Sai batun kuɗi, inda ƙasashen suka rabu. A Faransa ceto a kan hanyar zamiya biya ake yi, shi ya sa ake sayar da inshora irin Carré Neige da 'yan Yuro tare da tikiti. Can cikin tsauni kuwa jandarmomin PGHM ke zuwa, kuma gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. A Suwizalan lambar Rega, ƙungiyar ceto ta jirgi, 1414 ce, mai ba ta gudummawar faran 40 a shekara takan iya yafe masa abin da inshorarsa ba ta biya ba. A Ostiriya ana kiran 140, kuma inshorar lafiya ta gama-gari ba ta cika ɗaukar kuɗin jirgi kan haɗarin wasa ba, shi ya sa mutane ke shiga ƙungiyar masu hawan tsauni ta Alpenverein mai biyan ceto har Yuro 25,000. Lambar 112 tana aiki a duka ukun.

Ka ce wa yaron ya tsaya a hanyoyi masu alamar kore da shuɗi, wato mafi sauƙi, ya biya darasi a makarantar zamiya, ya sayi inshorar a tagar tikiti. In abokai sun ce a ɗaga igiya, ya tambaye su lambar haɗarin ranar da kuma wa ke ɗauke da shebur. A gaida su Hajiya.