Kafin Ka Biya Kuɗin Sabuwar Boila a Ingila

Wanda ya taɓa yin hunturu a Ingila ya san darajar boila, wannan na'ura mai ƙona gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Ran da ta tsaya, yara na rawar ɗari, alwalar asuba ma sai an yi ta maza. A irin wannan rana ake cinikin da-na-sani, domin duk wanda ya ce gobe zai zo ya saka sabuwa shi ne gwaninka.

Haka ta faru da wani ƙanena a Manchesta. Wani ne ya haɗa shi da mai aiki, ya bugo mini yana murna: "Yaya, wallahi kusan rabin kuɗin kamfani ya ce." Boilar kuwa mai kyau ce, sabuwa fil a kwalinta. Bayan shekara ya kira injiniya mai rajista don duba ta. Mutumin ya hau cikin rufi da tocila, ya tarar bututun hayaki ya saki a mahaɗa, ba a ɗaure shi da komai ba, kuma ɗakin yara ne a ƙarƙashinsa. Nan take ya manna takardar gargaɗi, ya nemi izinin toshe gas ɗin. Araha ba ta ado, sai da aikin ya ci kuɗi sau biyu.

To, bari mu fara da na'urar, tunda ita ake fara tambaya. Kombi ita ta fi yawa yanzu. Ba ta da tanki, kana buɗe famfo take ɗumama ruwan, ga ta ƙarama, tana shiga kabad ɗin kicin. Ga mai fulat ko ƙaramin gida mai banɗaki ɗaya, ba sai an tsawaita ba. Amma mu gidajenmu ba sa rabo da baƙi. Wannan na wanka, wancan na alwala, uwargida na wanke-wanke, sai ka ji ruwa ya zama tsiyaya. Sannan kombi na zuƙar gas da yawa a lokaci guda, shi ya sa sau da yawa sai an canja tsohon bututu mai milimita 15 zuwa mai 22. Mai aikin ganin ido a nan yake fara cin amana, don bututun yana cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, ba mai gani.

Gidan da ke da banɗaki biyu da iyali masu yawa, ni dai na fi son boila mai tankin ruwan zafi, wadda suke kira sistem. Tana cin wuri, ruwan yana iya ƙarewa a jira ya sake ɗumama, amma famfo biyu na aiki tare lafiya lau. Idan tankin irin rufaffen nan ne mai ƙarfin ruwa, mai saka shi sai yana da ƙarin shaida ta musamman da ake kira G3. Tambaye shi, kada ka ji nauyi. Akwai kuma tsohon yayi mai tankin ruwan sanyi a rufi. Idan shi ka tarar kuma bututan gidan sun tsufa, wani lokaci barinsa ya fi, don ƙara musu ƙarfin ruwa kan jawo yoyo.

Wasu za su ce me ya sa ba za a rabu da gas ɗin gaba ɗaya ba. Na'urar da ke jawo ɗumi daga iskar waje da lantarki ba ta ƙona komai, saboda haka babu hayaki mai guba, kuma tun Oktoba 2023 tallafin gwamnati a Ingila da Wales ya kai fam 7,500. Sai dai tana son gida mai riƙe ɗumi, da wurin tanki, da awo da lissafi kafin a fara. Ba abin da ake saye ran da boila ta mutu ba ne.

Kamfanonin ƙera boila irin su Worcester Bosch, Vaillant, Ideal, Baxi, kowa da gwaninsa, ni ban cika shiga wannan musu ba. Doka ta riga ta tace su: tun 2005 sai mai sake amfani da zafin hayakinta ake sakawa, kuma daga Afrilu 2018 dole ingancinta ya kai kashi 92 cikin ɗari a Ingila. Inda ake faɗawa rami shi ne hannun da zai saka.

Babban kamfani ya fi tsada, amma akwai ofishin da za ka kai kuka, wasu ma suna karɓar biya kaɗan-kaɗan. Injiniyan unguwa mai zaman kansa ya fi sauƙi, kuma wanda ya yi ciniki da kai shi zai yi aikin. Shi nake zaɓa, musamman idan kamfanin boilar ya amince da shi, don ta nan garanti kan kai shekara 10. Na ukun, wato marar rajista, ba ya cikin lissafi. A ƙarƙashin dokar gas ta 1998 laifi ne ya taɓa aikin. Rajistar ita ce Gas Safe Register, wadda ta maye gurbin CORGI a Afrilu 2009, don haka wanda ya nuna maka tsohon katin CORGI bai nuna komai ba. Karɓi katin a hannunka. Gaba akwai hoto, da lamba mai alƙaluma bakwai, da ranar ƙarewa. Juya bayansa, nan aka jera irin aikin da aka yarda ya yi, domin mai izinin kukar girki ba lallai yana da na boila ba. Sannan ka duba lambar a shafinsu na intanet yana tsaye a gabanka.

Nemi farashi daga mutum uku, a rubuce. Wanda bai gwada ƙarfin ruwanka ba, bai ƙirga rediyetoci (ƙarafan bango masu ɗumama ɗaki) ba, bai leƙa inda hayaki zai fita ba, kintace yake yi. Idan an gama, ya cike shafin Benchmark, wato takardar bayanin aikin da ya yi, da ke bayan littafin boilar, ya kuma sanar da Gas Safe aikin cikin kwana 30 don a aiko maka da takardar shaidar bin dokar gini. Ran sayar da gida lauya zai neme ta. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, Gas Safe na karɓar ƙorafi a kan aikin da ake zargi.

Ɗan haya ba ya zaɓen boila, amma haƙƙinsa ne mai gida ya sa a duba gas kowace shekara, ya ba shi takardar cikin kwana 28. Tun Oktoba 2022 kuma wajibi ne mai gida a Ingila ya saka ƙararrawar iskar kabon monoksaid a ɗakin da boilar take.

Wannan iska mun san ɓarnarta tun daga gida, ita ce ta janareta da gawayi a rufaffen ɗaki. Ba wari, ba launi. Ciwon kai da jiri da kasala da ke sauka idan ka fita waje, ko baƙin tabo a jikin boila, ko wutar da ta koma rawaya maimakon shuɗiya, duk alamu ne. Sayi ƙararrawa mai ɗauke da lambar EN 50291, ka duba ranar ƙarewarta don ba ta dawwama. Idan ta yi kuka ko ka ji warin gas, buɗe tagogi, rufe gas daga mita, kada ka taɓa makunnin lantarki, fitar da kowa waje, sannan ka kira 0800 111 999.