Kwamfuta ɗaya don wasa da tace bidiyo: wane kaya za ka fara sa wa kuɗi?

Duk wanda ya zo mini da maganar haɗa kwamfuta da hannunsa, wadda zai tace bidiyo da ita da rana ya yi wasa da ita da dare, tambaya biyu nake fara yi masa kafin mu ambaci sunan kaya ko ɗaya. Da wace kyamara kake ɗaukar bidiyo? A wane irin allo kake son yin wasa? Da yawa sukan yi turus, domin sun zo da jerin sunaye a ka: wannan furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi), wancan katin hoto (kayan da ke zana abin da kake gani a allo), fanka masu fitilu kala-kala. Alhali amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ce za ta raba maka kuɗinka tun kafin ka taɓa aljihu.

Ayyukan biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Wasa yana son katin hoto mai ƙarfi da furosesa mai saurin amsawa, bai damu ƙwarai da yawan ƙwayoyinta ba, wato ƙananan sassan cikinta da ke raba aiki a tsakaninsu. Tace bidiyo kuwa yana cin RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, yana cin wurin ajiya, yana son ƙwayoyin furosesa da yawa, sannan yana da wata damuwa da ɗan wasa bai ma san da ita ba, wato yadda kwamfuta ke warware bidiyon da kyamara ta dunƙule. An ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan tana taunuwa, in dai ka san wadda za ka fara sa wa haƙori.

Ta farko ita ce katin hoto. Shi ne kaya ɗaya tilo da ayyukan biyu suka haɗu a kansa, don haka shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin. Kuma abin da nake so ka fara dubawa a jikinsa ba lambar sunansa ba ce, yawan ƙwaƙwalwarsa ce, abin da ake kira VRAM. Katin da ke da 8GB zai yi maka wasa lafiya a allon 1080p mai matsakaicin yawan ɗigon hoto, amma ranar da ka buɗe aikin 4K mai ɗigo da yawa a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, ka sa gyaran kala, ka ɗora mai rage ƙurar hoto a kai, nan za ka ga manhajar ta tsaya tana ce maka ƙwaƙwalwar kati ta cika. RAM ana ƙara shi daga baya, wurin ajiya ma haka, amma VRAM a manne yake, yadda ka saye shi haka za ka rayu da shi. Shi ya sa idan kati ɗaya ya zo iri biyu, kamar RTX 5060 Ti ko RX 9060 XT da kowannensu ke da na 8GB da na 16GB, ban ga dalilin da mai tace bidiyo zai ɗauki ƙaramin ba. A sama da su akwai RTX 5070 mai 12GB, sai RTX 5070 Ti da RX 9070 XT masu 16GB kowanne, sai RTX 5080 wanda shi ma 16GB ne duk da ƙarfinsa. RTX 5090 mai 32GB kuwa na masu manyan ayyuka ne, yawancinmu ba mu da abin da za mu ba shi ya ci. Ga wanda kuɗinsa ya yi kaɗan, Arc B580 na Intel, wanda ya fito a ƙarshen 2024 da 12GB, ya cancanci a duba shi.

NVIDIA mai katunan RTX, ko AMD mai katunan RX? Idan wasa ne kawai, katunan AMD na yanzu ba abin rainawa ba ne, sau da yawa ma sukan ba ka VRAM mai yawa a kan kuɗi ɗaya. Amma manhajojin aiki da dama, daga Premiere Pro zuwa Blender, sun daɗe suna gina kansu a kan fasahar CUDA ta NVIDIA, wadda ke ba manhaja damar sa katin hoto ya taya ta aiki, kuma hanyar ta fi zama shararriya a can. Ni dai idan rabin amfanin kwamfutar aiki ne da ake jiran ka miƙa, NVIDIA nake karkata. Idan kuma tace bidiyon na lokaci-lokaci ne, wasa ne gaba, RX 9070 XT ba zai ba ka kunya ba.

Yanzu mu koma kan tambayar kyamara, domin a nan mutane suka fi yin asara ba su sani ba. Bidiyon waya, da na yawancin ƙananan kyamarori, kusan kowane katin hoto na zamani yana warware shi ba tare da wahala ba. Amma kyamarori irin su Sony a7S III da Canon EOS R5 suna iya ɗaukar wani nau'i mai nauyi, H.265 mai 10-bit 4:2:2, wanda ke riƙe kala sosai don a ji daɗin gyara ta. Katunan NVIDIA na jerin RTX 40, kamar 4090, da waɗanda suka gabace su ba su da sashen warware wannan nau'in, sai su tura aikin ga furosesa, ita kuma ta yi ta nishi. Sakamakon shi ne mutum ya sayi kati mai tsada, ya danna bidiyo ya yi tafiya, sai ya ga hoton yana tsalle yana maƙalewa, ya rasa inda laifin yake. Mafita biyu ce. Katunan jerin 50 da suka fito a 2025 sun zo da wannan sashe. Ko kuma furosesar Intel mai ɗan katin hoto a cikinta, domin fasaharsu ta Quick Sync ta daɗe tana warware shi. A nan sai ka kula da harafi ɗaya: duk furosesar Intel da sunanta ya ƙare da F, kamar 265KF, an cire mata wannan ɗan katin, Quick Sync ya tafi da shi ke nan. Ɗan ragin da za a yi maka bai kai abin da ka rasa ba. Sannan ka sani cewa a Windows, sigar Studio ta DaVinci Resolve, wadda ake saya, ita ce ke buɗe cikakken amfani da waɗannan sassa, ta kyauta tana da iyaka. Wanda kuma ya riga ya sayi kayansa bai yi asara gaba ɗaya ba, yana iya sa manhajar ta yi masa kwafi mara nauyi ya yi aiki da shi, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Lokaci kawai zai ci.

Furosesa ita ce inda ayyukan biyu suka fi jan igiya. A wajen wasa, Ryzen 7 9800X3D ta AMD da yayarta 7800X3D sun yi suna, ba don yawan ƙwayoyi ba, takwas ne kacal, sai don wata ma'ajiya mai sauri da aka ƙara musu har jimillarta ta kai 96MB, wadda wasanni ke matuƙar amfana da ita. A wajen fitar da bidiyo kuwa, mai ƙwayoyi 16 kamar Ryzen 9 9950X, ko Core Ultra 7 265K ta Intel mai 20, za ta riga su gamawa. Akwai 9950X3D da ta haɗa biyun, amma kuɗinta sai wanda ya shirya. To wacce? Ka koma kan tambayar allo. Idan a 1440p ko 4K kake wasa, katin hoto ne ke ɗauke da kusan duk nauyin, bambancin furosesa ba ya fitowa sosai, don haka ka ɗauki mai ƙwayoyi da yawa aikinka ya amfana. Idan kuwa wasannin gasa kake yi a 1080p, kana neman firam ɗari biyu ko fiye a daƙiƙa, to mai X3D ce taka, kuma ƙwayoyi takwas ba za su hana ka tace bidiyo ba, ɗan jira ne kawai zai ƙaru.

Abu ɗaya game da gaba. Mazaunin furosesa na AMD, AM5, ya fito a 2022, kamfanin kuma ya ce zai ci gaba da yi masa sababbin furosesa har zuwa 2027 ko bayanta, wato kana iya canza furosesa nan gaba ba tare da ka canza madabod ba, wato babban farantin da ake haɗa duk kayan a kansa. Intel ya fi yawan sauya mazauni. Idan kuma ka samu tsohuwar Intel ta ƙarni na 13 ko na 14, musamman wadda wani ya yi amfani da ita, ka tuna cewa a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasunsu suna da matsalar wutar da ke lalata su a hankali, ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, shi ne abu na farko da za ka yi.

Madabod ba ya ƙara wa wasa sauri, kada ka bari a ruɗe ka da shi. Na tsakiya, B650 ko B850 ga AMD, B860 ga Intel, ya ishe ka. Ka ƙirga ramukan M.2 da ke jikinsa, inda ake sa ma'ajiya mai sauri, ka duba ko yana da USB mai sauri don kwashe bidiyo daga katin kyamara, shi ke nan.

RAM kuwa 32GB shi ne mafari, 16GB ya zama na wasa kaɗai. Mai aikin 4K da ke buɗe manhajar After Effects a gefe ya nemi 64GB. Ka saye shi sanda biyu a kwali ɗaya, ba huɗu ba, domin RAM nau'in DDR5 yakan rage gudu idan aka cika ramuka huɗu, kuma haɗa wanda aka saya yau da wanda aka saya bara yakan jawo rikici ko da sunansu ɗaya. A yawancin madabod, rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. DDR5-6000 shi ne gudun da ya fi dacewa da AM5, amma ba zai kai nan da kansa ba sai ka shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM da ake kira EXPO, ko XMP a na Intel. Na sha ganin kwamfutar da ta shekara tana aiki ƙasa da ƙarfinta saboda ba a taɓa wannan maɓallin ba.

Wurin ajiya yana ƙarewa da saurin da ba ka zata ba. Bidiyon 4K da ake ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan 45GB a awa ɗaya, kuma manyan wasannin yanzu wasu sun haura 100GB. Tsarin da na fi natsuwa da shi shi ne ma'ajiyar NVMe, wadda ake sawa a ramin M.2, guda biyu, ɗaya na Windows da manhajoji da wasanni, ɗaya na aikin da ke hannu, 2TB in da hali. Na PCIe 4.0 da ke karanta kusan 7,000MB a daƙiƙa ya isa, na 5.0 ya kusan ninka shi a rubuce amma da wuya ka ji bambancin a aiki, ga shi da zafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka nemi mai TLC maimakon QLC, wato nau'in ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, domin na biyun yakan yi sanyi ƙwarai idan kana zuba masa manyan fayiloli a jere. Tsohon faifai mai juyawa har yanzu yana da amfani, a matsayin rumbun ayyukan da aka gama. Kuma kada bidiyon da ba za a iya sake ɗauka ba ya kwana a wuri ɗaya tak.

Na'urar raba wuta ita ce kayan da ake yawan matse wa kuɗi, kuma na ɗanɗana sakamakon haka. Na taɓa sa wata mai araha da ba a san masu yin ta ba. Wasa tana yi lafiya, amma duk lokacin da na sa dogon bidiyo ya fita, furosesa da kati suka ja wuta tare, sai allo ya yi baƙi ɗif, fanka su tsaya, aikin minti arba'in ya tafi. Na zargi RAM, na zargi zafi, na kwana biyu ina cire kaya ina mayarwa, ashe ita ce. Ka ɗauki ta kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus Gold da tsarin ATX 3.1, mai dogon garanti. NVIDIA na ba da shawarar watt 750 ga RTX 5070 Ti, 850 ga 5080, 1000 ga 5090. Sabuwar wayar wuta mai ƙafa 16 da ke shiga waɗannan katunan kuma, ka tura ta har sai ka ji ta ce ƙas, kada ka lanƙwasa ta dab da bakinta, domin rashin shigarta sosai na daga cikin abin da ya sa wasu suka narke a kan RTX 4090 a 2022. Wayoyin wata na'urar kuma kada ka sa su a wata ko da bakinsu ya shiga, tsarin cikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwati, ka zaɓi mai raga a gaba don iska ta shiga, gilashi a gaba kyau ne kawai. Ka auna tsawon katin hoto da tsayin abin sanyaya furosesa ka gwada da abin da akwatin ya ce yana ɗauka, wasu katunan sun haura santimita 30. Babban abin sanyaya na iska mai hasumiya biyu ya ishi mai ƙwayoyi takwas, kuma ba shi da famfon da zai mutu. Na ruwa sai ga masu ƙwayoyi 16 da za su yi awanni suna fitar da bidiyo. Shafin PCPartPicker zai taimaka maka wajen gano kayan da ba sa shiga juna kafin ka biya.

Allo shi ne abin da idonka zai zauna a kai, amma shi ake tunawa bayan kuɗi ya ƙare. Inci 27, 1440p, nau'in IPS, mai gudun 144Hz ko fiye, wanda ya cika kalar sRGB, shi ne matsaya mai kyau ga ayyukan biyu. Allon 4K ya ninka na 1080p sau huɗu a yawan ɗigon hoto, ya fi daɗin tace bidiyo, amma zai sa katin hoto aiki tuƙuru a wasa, don haka in shi kake so, ka koma can sama ka ƙara wa katin kuɗi. Kuma idan ka gama haɗa komai, wayar allon a jikin katin hoto ake sa ta, can ƙasa, ba a ramin madabod da ke sama ba.