Na biya kuɗin ɗaki tun daga gida, na iso Kano na tarar an ba 'yan biki

Ba zan kama sunan otal ɗin ba, amma duk wanda ya saba sauka a ƙananan masaukan da ke tsakanin Fagge da bakin Sabon Gari ya san irinsa: bene ne mai fenti ruwan ƙwai, da ƙofar ƙarfe, da ɗan zauren taro a ƙasa da suke bayarwa haya. Wannan zauren shi ne mafarin duk abin da ya same mu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Da na sayar da riɗina bayan kaka, aka kuma yi hutun makaranta na Disamba, sai na ce bari in cika wa yara alkawarin da suka ishe ni da tuni, in kai su su ga Kano da idonsu. Ni ina shiga birni, amma shigar sayayya, Kwari ko Singa, in juyo kafin magariba. Wannan karon da iyali ne, dole a kwana. Muna da 'yan uwa a Rijiyar Lemo, to amma mutum ya kwashi mata da yara uku ya sauke wa wanda shi ma ɗaki biyu yake haya, a wannan tsadar rayuwa, na ga bai dace ba.

Na yi lissafi sosai kafin in zaɓa. Otal-otal na Nassarawa da Bompai ba na malamin firamare ba ne, kun san kuɗinsu. Cikin Sabon Gari akwai araha, amma ba ko'ina mutum zai kai iyalinsa ba. Wajen Hotoro an kwatanta mini wani mai kyau, sai dai ya yi nisa da cikin gari, kuma tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, mu biyar kuwa duk inda za mu sai shatar adaidaita sahu. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki sai ya tafi a kuɗin mota. Wannan otal ɗin kuwa daga tashar 'Yankaba miƙewa kawai za ka yi, kuma Ƙofar Mata ba nisa. Wani abokin aikina ya ba ni lambarsu, na kira, na ce babban ɗaki nake so mai gado biyu. Aka ce akwai, amma Disamba lokacin cunkoso ne, sai na biya duka kafin a ajiye mini. Na je wurin mai POS a Ringim na tura, na ɗauki hoton rasit na aika ta WhatsApp. Amsar tana nan a wayata har yanzu: "An gani, Allah ya kawo ku lafiya."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka isa. Harabar cike da motoci, 'yan mata cikin anko suna ta kai da kawo. Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya buɗe rajista, ya ja yatsa daga sama har ƙasa, ya ce ba sunana. Na miƙa masa waya ya karanta. Ko a jikinsa, ya ce, "Ayya Malam, ai wannan ɗakin 'yan biki sun kama, benen sama gaba ɗaya nasu ne. Wanda kuka yi magana da shi na aikin safe ne." Na ce a kira mini manaja. Ya ce oga ya fita, amma yanzu zai dawo.

"Yanzu" ɗin nan ita ce ta kai mu har bayan isha'i. Muna zaune a kan benci ɗaya a bakin ƙofa, jakar bakko a gabanmu, yara sun yi furu-furu da ƙurar hanya, autarmu ta yi barci a cinyar uwarta. Na fita na yi magariba a masallacin layin na dawo, na sake fita na yi isha'i na dawo, suna nan inda na bar su. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wata mata daga cikin 'yan bikin ta zo wucewa, ta ga uwargida da jaka a gaba, ta tsaya ta ce, "Baiwar Allah, ke ce mai kawo alkakin?" Ba da mugun nufi ta faɗa ba, na sani. Uwargida ta yi murmushi ta ce a'a, ta ja hijabinta ta sunkuyar da kai. Matar da na ce wa ta zo ta huta ke nan.

Da manaja ya zo, ya fara da zaƙin baki: a yi haƙuri, kuskure aka samu. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko a mayar mini da kuɗina, amma sai Litinin, don mai tura kuɗi ba ya zuwa ƙarshen mako. Ko in karɓi ƙaramin ɗaki a ƙasa, a ƙara mana katifa, a biya ni cikon da ke tsakani. Dare ya yi, ga yara, kuɗina kuma yana hannunsu, ina zan nufa? Na ce a ba mu ɗakin. Da ya tsaya a nan da na haɗiye. Sai ga shi yana neman makulli yana cewa, "Ka san su da kuɗi a hannu suka zo. Kuma mutanenmu na karkara sukan ce za su zo su fasa." Na ce, "Yallaɓai, wanda ya biya duka tun daga gida, wane fasawa kuma?" Ya yi dariya ya ce ai an wuce wurin. Ashe ba kuskure ba ne. Sun ga ciniki mai tsoka, suka auna wanda za a iya takawa ba a ji komai ba, suka ga ni ne. Kada wani ya ce mini araha ba ta ado. Ni ban nemi ado ba, ɗakin da na biya na nema.

Ɗakin da aka ba mu bango ɗaya ya raba shi da zauren. Aka fara dina, aka saki manyan lasifika, gilashin taga yana karkarwa, kofin silba da muka ɗora a kan tebur yana tafiya da kansa har ya faɗo. Haka har tsakar dare ta gota. Ana tashi daga biki, ko minti biyar ba a yi ba, aka kashe janareta. Wato don su aka kunna. Soket ɗaya ne a ɗakin, wayata ko rabi ba ta cika ba. Sa'armu ɗaya hunturu ne, ba a bukatar fanka, da a watan Afrilu ne ban san yadda za mu kwana ba. Bargo ɗaya aka ba mu, muka lulluɓa wa yara, ni na kwana da rigar sanyi.

Amma a faɗi gaskiya ko a kan wanda ya ɓata maka. Banɗakin tsaf yake, ba wari, zanin gado wankakke ne, kuma famfo bai taɓa yankewa ba. Hita dai ba ta aiki. Bayan asuba aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga dattijon da ke gadi da bokitin ruwan zafi yana tururi, a kurfotinsa na gawayi ya dafa. Ya ce, "Na ga da ƙananan yara kuka zo, kada su taɓa ruwan sanyin nan." Ya ce tun jiya da ya ji maganarmu ya san mutanen gabas ne, shi ma daga wajen Haɗeja yake. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," na miƙa masa ɗan abin goro, sai da na matsa ya karɓa. Kuma shi ya tsara mana yawon gaba ɗaya, ya fi duk wani bayani da na karanta a waya. Ya ce mu fara da marinar Ƙofar Mata da hantsi lokacin da marina ke kan aiki, daga nan mu wuce Gidan Makama, Kurmi kuwa a riƙe hannun yara, gidan zu a ware masa yini daban don yana wancan ɓangaren gari.

A nan kam wurin da otal ɗin yake ya biya kuɗinsa. Shata ɗaya gajera ta kai mu Ƙofar Mata. Marinar tun 1498 ake lissafa ta, kuma har yau da baba da toka ake haɗa ruwan, a bar shi a rami ya yi kwanaki yana tsima. Ramuka da yawa sun bushe ba mai aiki a kansu, amma waɗanda ke ci suna ci. Wani marini ya tsoma farin yadi da aka ɗaɗɗaure da zare, ya ɗago shi, muka ga ya fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonmu. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zuwa launin yana ƙara duhu. Babban ɗana ya tambaye shi ko akwai abin da yake ƙarawa a ɓoye, mutumin ya yi dariya ya ce iska ce kawai. A gefe kuma ga masu bugu sun jera, suna ɗaga manyan itatuwa suna saukewa a kan shadda har ta ɗau ƙyalli, sautin yana tafiya tare ba mai shiga na wani. Yara suka ƙi tafiya. Uwargida ta sayi zane ɗaya, ta yi ciniki har na ji kunya.

Gidan Makama yana nan kusa da fadar Sarki. An ce don Muhammadu Rumfa aka gina shi tun kafin ya hau sarauta, shi ne ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka gina gidan sarautar da ake ciki yanzu aka kafa kasuwar Kurmi. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, lokacin Sarki Alu. Abin da nake koyarwa a allo ranar na nuna wa 'ya'yana da yatsa. Uwargida kuwa a ɗakin amaryar gargajiya ta tsaya, ta ce jeren nan sak na kakarta.

Dutsen Dala mun hau, matakalar ta gwada mini shekaruna. Hazo ya rufe rabin gari, amma mun hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a tsaye muna haki. Muka sauko muka ci gurasa bandashe, mai ƙuli da yaji da albasa, wadda har yau yara ke zancenta fiye da dutsen. Gidan zu, wanda aka kafa zamanin Audu Bako, gwamnan Kano na farko, tun mu Jigawa muna cikinta kafin a raba a 1991, yara sun ji daɗinsa, ni dai ƙafata ce ta gaji. Abin da ya fi burge autarmu a duk tafiyar gadar sama ce, ta sa mai adaidaita ya sake bi da mu ta kai.

Zuwa nan zuciyata ta yi sanyi, har na ce a raina in na zo rubutu zan ba su tauraro uku cikin biyar. To amma ina wannan rubutun ina tuno abubuwa. Ranar Lahadi 'yan biki suka watse, benen sama ya zama fayau. Na ce a mayar da mu ɗakinmu ko na dare ɗaya ne. Aka ce ba a gyara ba tukuna. Da yamma na ga wani mutum da jaka mai taya ana hawa da shi sama, na tambayi mai shara, ta ce ai tun hantsi ta gama gyaran ɗakunan. A daren kuma, da yake ba biki, janareta ko awa biyu bai yi ba.

Sai ranar tafiya. Na je karɓar cikon kuɗina, oga ya sake fita. Yaron ya ɗauko biro ya fara lissafi a bayan rajista, wai za a cire kuɗin ƙarin katifa na kowane dare. Katifar da aka ba mu saboda an hana mu gadon da muka biya! Siririya ce ma kamar tabarma, ɗana ya tashi yana cewa haƙarƙarinsa na ciwo. Nan ne muryata ta ɗaga, abin da ba halina ba ne, har uwargida ta ce, "Malam, ka bari, yara na kallo." Baba mai gadi ya shigo ya ce wa yaron, "Kai, ka ji tsoron Allah," sannan yaron ya soke layin. Ya karɓi lambar asusuna ya ce kafin mu kai Gezawa zan ji alat. Mun wuce Gezawa, mun isa Ringim, mun kwana gida, shiru. Tauraro ɗaya na ba su, shi ma albarkacin dattijon nan da tsaftar banɗaki.

Wanda zai sauka a irin waɗannan wurare, ya tambaya tun a waya ko suna da zauren taro, kuma ko akwai biki a makon, musamman daga Juma'a zuwa Lahadi a watan Disamba ko bayan Salla. Ya tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta. Kada ya tura kuɗi duka, ya ba da kafin alƙalami kawai, ya sa a rubuto masa lambar ɗakin, kuma ya isa da rana tsaka yadda in an yi masa irin tawa zai iya ɗaukar jakarsa ya gwada gaba. In da hali ma ya shigo tsakiyar mako.

Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, amma sun isa kuɗin motarmu na komawa, kuma nawa ne. Na kira, an ce mai tura kuɗi ba shi da lafiya. Na sake kira, an ce matsalar netiwok ce. Manaja ya daina ɗaukar lambata, sai na ari wayar maƙwabcina sannan ya ɗauka, yana jin muryata ya ce yana tuƙi. Makon jiya wani sabon yaro ne ya amsa, ya ce ba a bar masa sallahu ba, in sake kira ranar Litinin.