Fijo 504: ta 1969 ko ta 1975?

Ɗan uwa, ka tambaya a cikin shekarun da aka yi ana ƙera Fijo 504 wacce ta fi cancanta a nema a ajiye, ka kuma ce zuciyarka ta rabu biyu tsakanin ta 1969 da ta 1975. Ni dai ta 1975 nake so, amma ba zan tauye wa ta 1969 haƙƙinta ba, don tana da abin da babu wata 504 da za ta ƙwace mata.

A watan Satumba na 1968 kamfanin Peugeot ya fito da wannan mota daga masana'antarsa ta Sochaux a Faransa, bayan yajin aikin da ya girgiza ƙasar a watan Mayu ya jawo jinkiri. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, da waɗannan fitilu masu kama da idon mage da but ɗin da ya karye ya gangara ƙasa. Ita aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Don haka mai riƙe da ta 1969 yana riƙe da asalin zanen ne kafin a fara taɓa shi: giya a jikin sitiyari, matashin kai da ke nutsewa cikin kujera idan ba a bukatarsa, birki na faifai a ƙafa huɗu, kuma kowace ƙafar baya tana motsi ita kaɗai, abin da ya sa take haɗiye gargada ba tare da ta jijjiga na ciki ba. A wancan zamani ba kowace motar iyali ce ke da wannan gata ba.

Inda ta 1975 ta fara shan gabanta shi ne inji. Ta 1969 injinta mai cc 1,796 ne. A ƙarshen 1970 aka faɗaɗa silinda daga milimita 84 zuwa 88, ya koma cc 1,971, wanda kanikawa ke kira tu-lita. Bambancin a takarda ba shi da yawa, amma ka ɗora mutum biyar da kaya ka doshi hawan Jos, nan za ka ji shi a ƙafarka. Babban injin yana ja tun daga ƙasa, ba sai ka yi ta sauke giya kana matsa totur ba. Kuma shi ne injin da ya cika ƙasar nan shekara da shekaru, har ya zama duk garejin da ka shiga daga Kano zuwa Maraɗi akwai dattijon da zai kwance shi ya ɗaure ido rufe. Silib ɗinsa ana zare su a sa sababbi, shi ya sa injin da aka ce ya mutu yake tashi sau biyu, sau uku.

Wannan maganar ta kayan gyara ita ce ta fi nauyi a wurina. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi fistin ko kafireta ko famfon ruwa na tu-lita, da wuya ka fita hannu rabbana. Amma ƙananan abubuwan da suka keɓanta da na farko-farko, irin su hannun ƙofa mai maɓalli, da kayan dashbod, da sandar giyar sitiyari, waɗannan sai an sha yawo, wani lokaci sai an aika waje. Idan kuma ka yi karo da mai injekshin na Kugelfischer maimakon kafireta, to ka fara neman wanda ya iya saita shi kafin ka biya kuɗin mota. Yana da daɗin tuƙi ƙwarai, amma hannun da bai san shi ba ɓata shi yake yi.

Akwai wani abu da masu sha'awa kan manta. Sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin da aka shigo da su don kasuwar nan kafin wannan rana sitiyarinsu a dama yake. Saboda haka idan aka nuna maka ta 1969 mai sitiyari a hagu aka ce tun fil azal a nan take, ka tambaya da kyau: ko dai daga baya ta shigo ta Nijar ko Kwatano, ko kuma an juya mata sitiyari. Juyin da ba a yi shi da kyau ba yana barin tabo a bangon da ke tsakanin inji da direba, ka leƙa za ka ga walda da ramukan da aka toshe. 'Yan uwanmu na Nijar wannan bai shafe su ba.

Sai kuma abin da ya sa shekarar 1975 take da daraja a zuciyata. A shekarar ce Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, Hannu Mikkola kuma ya lashe na Maroko da ita. Gaskiya ne motocin tsere an ƙarfafa su fiye da na kasuwa, amma ƙashin bayansu ɗaya ne, kuma a kan jar ƙasa da laka irin tamu aka gwada su. A shekarar ce kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna. Daga nan Fijo ta tashi daga baƙuwa ta zama 'yar gida. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, doguwarta mai layin kujeru uku ta mamaye tashoshin mota, kuma Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Duk wannan tarihi daga 1975 ya ɗauko.

To, wa zai ɗauki wacce? In kana son motar da za ka goge ka rufe da tampol, ka fito da ita ranar salla ko taron masu tsofaffin motoci, kuma kana da haƙurin jiran kaya wata da watanni, ta 1969 ta fi tsada a idon masana, ta kuma fi wuyar samu. In kana son wadda za ka kunna da asuba ka kama hanyar Zariya ba tare da fargaba ba, ɗauki ta 1975. Ka dai lura akwai ƙirar L da aka fara a 1973, mai ƙaramin inji da aksil guda a baya. Tana da juriya, amma ba ta kai ƙirar GL mai injin tu-lita laushi ba.

Kowacce ka tsayar, kada ka dogara da shekarar da ke cikin takarda. Yawancin waɗannan motoci an sauya musu inji, wasu ma har giyabos da ƙofofi. Ka duba farantin lambar da ke cikin bonet, ka gwada lambar inji da ta takarda, ka ɗaga tabarmar ƙasa da ta but ka ƙwanƙwasa ƙarfen, ka bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu don gane inda aka cika da fila. Ka tafi da tsohon bakaniken Fijo, kuma ka sa a tayar da injin yana sanyi a gabanka.