RAM ko SSD: wanne za ki fara saya?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kwamfutar da kika saya ta hannu a nan Yamai tana da RAM giga 4 da faifan ajiya na HDD giga 500, nauyinta ya ishe ki, ga rubutun kundin kammala jami'a ya taso, kuma kuɗin hannunki na abu guda ne: ko ƙarin RAM ko SSD, sabon nau'in faifan ajiya da ke maye gurbin HDD. Ni dai SSD zan ce ki fara saya. Amma akwai halin da amsar take juyawa, don haka bari in baje miki su.

Wannan 4 da wancan 500 ba ma'aunin abu ɗaya ba ne, ko da yake duka giga ake ce musu. Ki duba tela: yana da teburin yanka, yana da kabad ɗin da yake jibge yadudduka. Teburin shi ne RAM, abin da ake aiki a kansa yanzu kaɗai ke hawa. Kabad shi ne faifai. RAM tana da saurin da babu faifan da ya kama ƙafarta, sai dai ba ta riƙe komai in babu wuta. Ana kashe na'ura ta koma fayau. Shi ya sa mai kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke masa yana tsakar rubutu yake rasa abin da bai adana ba. Ba faifan ne ya cinye ba, rubutun bai kai can ba tukuna.

To, me ke sa taki nauyi? Da za ki ga cikin HDD da kin gane. Faifai ne zagayayye mai sheƙi kamar madubi, yana juyi sau 5400 a minti, ga wani siririn hannu da ke kai da komo a samansa, kan da ke karatu yana shawagi a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ki kara kunnenki a jikin kwamfutar lokacin da take tashi, za ki ji ƙas-ƙas ɗinsa. Dabarar tsohuwa ce: kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai faifai 50, kuma abin da yake ɗauka bai wuce mega 5 ba, wato hoto guda ko biyu na wayar yau. An ƙanƙanta shi, an ƙara masa ciki, amma har gobe sai hannun nan ya tafi inda fayil yake, ya jira faifai ya juyo da shi. Windows kuwa in za ta tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse. Kowanne sai an je an ɗauko.

SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙwayoyin lantarki ne irin na katin waya da na kile, wato ƴar ma'ajiyar nan ta USB, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. HDD na kwamfutar hannu yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA yakan kai 550, nau'in NVMe kuma 3000 da ɗoriya. Amma ba ma wannan ne za ki fi ji a jikinki ba. Wajen tsinto ƙananan fayiloli ne ratar take da faɗi ƙwarai, don wanda babu hannun da zai matsa ba shi da jira. Na'urar da kike kunnawa ki je ki yi alwala ki dawo ba ta gama shiri ba, sai ki ga ta tashi kafin ki gyara zama.

Ga kuma yanayin rayuwarmu. Ɗalibi yana ɗaukar kwamfuta a kunne daga tabarma zuwa benci, ya ɗora ta a cinya cikin taksi ko faba-faba. Bugu ɗaya mai kyau yayin da faifai ke juyi ya isa kan nan ya karce shi. SSD bai san wannan ba, kuma bai kai HDD cin batir ba.

Yana da nasa aibun. Giga ɗinsa ya fi tsada, don haka da kuɗinki wataƙila 256 za ki samu a madadin 500. Ya ishi Windows da Word da tarin PDF, fina-finai ne dai za su nemi wani masauki. Sannan HDD in zai mutu yakan yi gargaɗi, ya yi ta ƙara da sarƙewa. SSD sau da yawa dare ɗaya yake ɗaukewa, kuma ceto abin da ke ciki aiki ne ja. Batun cewa yawan rubutu yana cinye shi gaskiya ne, amma mai rubutun kundi ba za ta kai wannan iyakar ba.

Yanzu halin da amsar take juyawa. Ki buɗe duk abin da kika saba aiki da shi, ki danna Ctrl da Maj (Shift) da Échap (Esc) tare, a tagar da za ta buɗe ki shiga shafin Performances. In layin Disque ya maƙale a kashi 100 alhali Mémoire, wato RAM, tana da sauran fili, magana ta ƙare, faifai ne. In kuwa Mémoire ce kullum take sama da kashi 90, RAM ta yi kaɗan. Ko a nan ma SSD na rage zafi, domin in RAM ta cika Windows kan faifai take juye rarar, kuma juyewa kan HDD shi ne sanƙarewar nan da ke sa mutum ya ji kamar ya yi jifa da na'ura. Sai dai in karatunki na zanen gini ne da AutoCAD, ko taswira da QGIS, ko haɗa bidiyo, to giga 4 ba za ta kai ki ko'ina ba, RAM za ki fara kaiwa 8. Ita kanta Windows 11 giga 4 ce mafi ƙarancin abin da take karɓa, kin ga ke a bakin ƙofa kike.

In RAM ɗin za ki saya, kada ki je kasuwa da baki kawai, ki tafi da kwamfutar. RAM iri-iri ce: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, wasu na'urorin kuma a like tasu take, ba ta ƙaruwa. Haka SSD: tunda HDD ke cikin taki, mai inci 2.5 na SATA zai zauna daidai a gurbinsa. Siririn nan na M.2 sai an buɗe an ga ko akwai raminsa.

Wani abu da ke haɗa mutane faɗa da ƴan kasuwa a banza: za ki sa 256 ki ga Windows ta nuna 238, kamar yadda 500 ɗinki take nuna 465. Ba a cuce ki ba, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows da 1024. Inda cutar take shi ne kile mai tera 2 da ake sayarwa a kuɗin goro. An yi masa dabara ne ya faɗi girman da ba shi da shi; zai karɓi fayiloli, ranar da kika nema ki tarar sun lalace.

Kafin ki miƙa kwamfutar ga mai gyara, ki kwafe kundinki a kile mai kyau, ki kuma tura wa kanki ta imel. In ya gama, ki ce ya ba ki tsohon faifanki a hannu, kada ya zauna a shago, hotunanki da takardunki duk suna ciki. Akwai ɗan kwanso mai igiyar USB da ake saka shi, sai ya zama ma'ajiyar waje ta giga 500 da za ki zuba fina-finan da kwafin aikinki na biyu.